Ƙwallon Amurka: yadda jami'ar USC ta ɗinke ɓarakar tsaron bayanta

A daren 4 ga Nuwamban 2023, a filin Coliseum na birnin Los Angeles, ƙungiyar jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda aka fi sani da USC, ta ci maki 42. A ƙwallon Amurka wannan adadi ya isa a yi nasara a mafi yawan wasanni. Sai dai baƙinta, ƴan jami'ar Washington, sun ci 52. Da aka tashi, Caleb Williams, tauraron USC wanda aka zaɓa gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2022, ya haura wurin ƴan kallo ya faɗa jikin mahaifiyarsa yana kuka, kyamarori suna ɗauka. Washegari aka sallami Alex Grinch, mai horar da ƴan tsaron ƙungiyar.

Ga wanda balo kawai ya sani, sai an ɗan yi bayani. Wannan wasa da hannu aka fi yin sa, kuma ɗalibai ne ke buga shi da sunan jami'o'insu a gaban dubban jama'a. Filin Coliseum kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 77,000. Kowane ɓangare yana da ƴan wasa 11 a fili, amma kowace ƙungiya kamar runduna biyu ce: masu kai hari da masu tsaro, kuma ba sa shiga fili tare. Masu hari suna da dama huɗu su ci gaba da yadi 10, wato kimanin mita 9, ko dai mutum ya rungumi ƙwallo ya sheƙa da gudu, ko a jefa wa wani ya cafe. Idan sun kai, a sake ba su dama huɗu. Wanda ya shigar da ƙwallo ƙarshen fili ya ci maki 6. Aikin masu tsaro shi ne su kayar da mai ƙwallo ƙasa kafin ya ci waɗannan yadi 10. Ke nan Williams, duk gwanintarsa, yana zaune a gefe yana kallo lokacin da ake zura wa ƙungiyarsa maki.

Matsalar USC ba a daren nan ta fara ba. A kakar 2022, shekarar farko ta babban mai horarwa Lincoln Riley, wanda ya zo daga Oklahoma tare da Grinch, ƙungiyar ta ci wasa 11 ta sha kaye a 3. Ƴan tsaronta sun yi fice wajen ƙwace ƙwallo daga hannun abokan hamayya, kuma dama tsarin Grinch a kan haka aka gina shi: ƴan wasa marasa nauyi, masu zafin nama, suna kutsawa ta gefe don su rikita masu hari har su yi kuskure. Ƙwace ƙwallo kuwa rabinsa sa'a ne. Ranar da sa'a ba ta zo ba, asiri sai ya tonu. A wasan cin kofin rukuninsu, a Disamban 2022, USC ta fara jan ragama 17 da 3, amma Utah ta gama da ita 47 da 24. A ranar 2 ga Janairun 2023, tana gaban Tulane 45 da 30 saura minti huɗu da ɗoriya, aka tashi 46 da 45, Tulane ce da nasara. Duk da haka Riley ya bar Grinch a kujerarsa. A kakar da ta biyo baya, a wasanni shida a jere an ci USC maki 41, 41, 48, 34, 49, sai 52 ɗin Washington. A yi adalci: wasu daga cikin maki 48 da Notre Dame ta ci, kurakuran masu hari ne suka jawo su. Sauran kuwa ba su da uzuri.

Idan tsaro ya lalace haka, masu horarwa sukan fara dubawa daga ƙasa, wato gudu da ƙwallo. Tsakanin ƙartin da ke jere a gaban masu hari akwai kafofi, kuma kowace kafa tana da mai tsaron da aka damƙa wa ita. Muddin kowa ya tsaya a tasa, mai gudu ba ya da inda zai bi. Da zarar mutum ɗaya ya bar tasa ya bi ƙwallo da ido, ko aka ture shi gefe don ba shi da nauyi, to an buɗe ƙofa, kuma mai gudu ba ya neman ƙofa biyu. A wasan Washington, ɗan wasa guda, Dillon Johnson, ya ci yadi 256 da gudu, ya kuma kai ƙwallo ƙarshen fili sau huɗu. Wannan ba aikin wayo ba ne, ƙarfi ne aka nuna musu, aka maimaita.

Sai kamu. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa ya san bambancin wanda ya kai hannu da wanda ya yi kamu. A nan ma haka ne: mai tsaro ya rage tsawo, ya sa kafaɗa a cinya ko ƙugu, ya naɗe da hannu biyu, ƙafafunsa na ci gaba da turawa. Wanda ya yi tsalle da kafaɗa kawai, ko ya miƙa hannu daga nesa, zai ga ƙeyar mutum. Abin da ke sa gyaran wannan ya yi wuya shi ne lokaci da tsoro. Dokar hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, ta ƙayyade awa 20 a mako na atisaye da wasa a lokacin kaka, tunda ɗalibai ne. Masu horarwa kuma suna ɗari-ɗari da barin yara su riƙa kayar da juna a atisaye don gudun rauni. Abin da ba a saba da shi ranar Talata ba, ba ya zuwa da kansa ranar Asabar.

Na uku shi ne magana. Kafin kowane hari, masu tsaro 11 suna da ƴan daƙiƙoƙi su fahimci umarni ɗaya. Idan biyu suka ɗauka mutum guda aka ba su, wani yana can baya shi kaɗai yana jiran ƙwallo.

A Disamban 2023, Riley ya ɗauko D'Anton Lynn daga UCLA, babbar abokiyar gabar USC a gari ɗaya, wadda ta doke ta 38 da 20 makonni kaɗan kafin nan. Lynn matashi ne, shekara ɗaya kawai ya yi yana jagorantar tsaron UCLA, amma a cikinta ya sa ta cikin mafi ƙarfi a ƙasar. Kafin nan ya yi aiki a gasar ƙwararru ta NFL, ciki har da ƙungiyar Baltimore Ravens. Ba shi kaɗai aka kawo ba. Matt Entz ya bar kujerar babban mai horarwa a North Dakota State, inda ya ci kofin ƙasa na rukuninsu sau biyu, ya zo ya karɓi ƴan tsakiya. Eric Henderson ya baro Los Angeles Rams, inda ya horar da Aaron Donald, ya karɓi ƙartin gaba. Jami'ar da ta saba zuba kuɗinta wajen masu hari ta fara kashe su a ɗaya ɓangaren.

An kuma canja mutane. A da, ɗalibin da ya sauya jami'a sai ya zauna shekara guda ba ya wasa. Tun 2021 aka sassauta wannan doka, saboda haka mai horarwa yana iya cike giɓi cikin watanni maimakon ya jira yaro ya girma. Kamari Ramsey da John Humphrey sun biyo Lynn daga UCLA, sun riga sun san harshensa. Easton Mascarenas-Arnold da Akili Arnold sun zo daga Oregon State. Waɗanda aka tarar kuma aka sa su ƙara nauyi, domin a 2024 USC ta koma rukunin Big Ten, inda ƙungiyoyi irin su Michigan suka shahara da turmushe mutum da gudu. A wannan shekarar ce kuma NCAA ta amince a sa na'urar sadarwa a hular ɗan wasa ɗaya na kowane ɓangare, mai horarwa ya yi masa magana kai tsaye har zuwa saura daƙiƙa 15 a fara hari. Ga wanda ya fito daga NFL, inda aka daɗe ana amfani da ita, wannan faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Sakamako ya fito tun wasan farko. A ranar 1 ga Satumban 2024, a Las Vegas, USC ta doke LSU 27 da 20. A wasa na biyu ta lallasa Utah State 48 da nema. A ƙarshen kaka, makin da ake cin ta a kowane wasa ya sauko daga kimanin 34 zuwa kimanin 24. Ragin maki 10 cikin shekara ɗaya babban abu ne a wannan wasa.

Amma allon sakamako bai yi kyau ba. A 2023, da ruɓaɓɓen tsaro, USC ta ci wasa 8 ta faɗi 5. A 2024, da gyararren tsaro, ta ci 7 ta faɗi 6. Williams ya tafi NFL, inda Chicago Bears ta zaɓe shi na ɗaya, masu hari suka rage kaifi. Ƙartin gaba kuma ba su da yawa: wasu suka ji rauni, Bear Alexander ya janye bayan wasa uku, waɗanda suka rage suna gajiya idan wasa ya yi nisa. A biyar daga cikin wasanni shida da ta faɗi, USC ce ke gaba a zango na huɗu, wato na ƙarshe. A gidan Michigan tana jan ragama 24 da 20, sai Kalel Mullings ya kufce daga hannun mai tsaro ya sheƙa yadi 63, ya kuma kammala aikin saura ƙasa da minti guda, aka tashi 27 da 24. Minnesota ta doke ta da maki 7, Washington da 5, Penn State da 3 bayan ƙarin lokaci, Maryland da maki ɗaya tak.