Sabuwar Dabara Ce Ko Gyaran Bakanike?

Duk wanda ya taɓa aiki a matatar mai ta Warri ko ta Fatakwal ya san manyan bawul ɗin nan na jikin bututu. Waɗansunsu ko ƙarti biyu ba su murɗa su, sai an ɗora musu wata na'ura mai giya ko sifirin, wadda iska ko lantarki ke turawa, ta buɗe ta rufe. A kan irin wannan na'ura kamfanoni kan kai juna kotu, gama wanda ya sami takardar mallakar ƙirƙira, shekara 20 ba mai ƙera irin tasa sai da yardarsa.

Wanda aka kai ƙara yakan ce ai wannan ba ƙirƙira ba ce, kowane bakanike da ya san aikinsa haka zai yi. Mai takarda kuwa sai ya ce, to, me ya hana su yi tun da?

Babbar Kotun Amurka ta shata hanya a 1966, cikin shari'ar Graham da kamfanin John Deere a kan wani maƙalin garma. Ta ce alƙali ya duba abin da aka sani a da, da bambancinsa da sabon, da kuma iyakar gwanintar mai sana'a na tsaka-tsaki. In an daɗe ana neman dabarar, waɗansu sun gwada sun kāsa, wannan ma shaida ce. A 2007 kotun ta ƙara matsawa cikin shari'ar KSR da Teleflex, inda aka haɗa totur mai matsawa gaba da baya da wata na'urar lantarki da aka riga aka sani. Ta ce haɗa tsofaffin abubuwa biyu, kowanne yana aikinsa na kullum, da wuya ya zama ƙirƙira.

Wuyar abin ita ce, da zarar an kwance na'urar a gaban alƙali, kome sai ya zama mai sauƙi. Dole ya mai da hankalinsa ranar da ba wanda ya san amsar, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne.

A nan Nijeriya, Dokar 1970 ba ta ɗora wa magatakarda binciken ko abu sabo ne ba, takardu kurum yake dubawa. Saboda haka maƙerin da lauya ya aiko wa da wasiƙa a Ikko yana da damar zuwa Babbar Kotun Tarayya ya nemi a soke takardar.