Clara Ugbodaga-Ngu, mai zane

A cikin Birnin Damagaram akwai gidaje masu zane a bango. Magina ne suke yin wannan ado. Dukawa kuma suna yi wa fata nasu ado. Amma akwai wani irin zane da ake yi bisa takarda ko ƙyalle, da fenti da buroshi. Shi ma sana'a ne, ana koyon shi a makaranta. Ga labarin wata mace da ta koye shi, ta kuma koyar da shi.

Sunanta Clara Ugbodaga-Ngu. An haife ta a Kano, cikin ƙasar Nijeriya, zamanin mulkin Turawa. Da ta gama karatu sai ta zama malamar makaranta. A shekara ta 1950 gwamnati ta aika ta Landan, babban birnin Ingila, don ta koyi zane. Ta samu takardar shaidar zane a 1954, ta samu ta koyarwa a 1955.

A wannan shekara ta komo gida, aka ba ta aiki a babbar makarantar Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A lokacin, galibin malaman zane Turawa ne, galibin ɗalibai kuma maza ne. Clara ta tsaya gabansu, mace kuma ƴar ƙasa, tana nuna musu yadda ake riƙon buroshi da yadda ake gauraya launi. Ta koyar a can har 1964.

Clara ta iya aikin Turawa sarai, amma ba ta mance da gida ba. Ta zana matan kasuwa. Ta zana masu bara. Mutanen da ake wucewa kullum ba a dube su ba, su ta sa a hoto don a tsaya a dube su. A 1958 ta nuna zane-zanenta a Landan, Turawa suka zo kallo.

A wannan shekara ta 1958 waɗansu ɗaliban Zariya suka kafa ƙungiya. Ra'ayinsu shi ne a koyi dabarar baƙi, amma a zana abin gida. Cikinsu akwai Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Shi Bruce ya yi suna wajen bugun hoto.

Mene ne bugun hoto? Mai zane yakan ɗauki katako mai laushi, ya zana hoto a kai. Sai ya sassaƙe duk wurin da ba ya so ya fito. Ya shafa tawada, ya ɗora takarda, ya danna. In ya ɗaga, ga hoto a takarda. Haka hatimin sarki yake aiki. Sai dai a lura: abin da ke dama a katako, a hagu yake fitowa. Hoton fenti guda ɗaya ne tak, gida ɗaya yake shiga. Amma katako ɗaya yana iya haifar hoto hamsin, kowa ya samu nasa.

Yara, hannun mace da na namiji duk ɗaya ne wajen zane. Abin zanawa kuma ba shi da nisa: yana kasuwar Dole, yana bakin rijiya, yana ƙofar gidanku.

Tambayoyi
1. A wane gari aka haifi Clara?
2. Shekara nawa ta yi tana koyarwa a Zariya?
3. Waɗanne mutane ta zana?
4. Me ya bambanta hoton fenti da hoton bugu?

Aiki
Ku raba dankali biyu. Ku sassaƙa tauraro a kai, ku shafa tawada, ku buga a takarda sau biyar.