Ƙyallen tsanwa: tun wajen ɗauka ake gyara bidiyo

Daga Maradi zuwa Damagaram, samari masu ɗaukar waƙoƙi da tallar kaya sun rungumi ƙyallen tsanwa, wanda ƴan sana'ar ke kira "fon ber". A tsayar da mawaƙi gaban ƙyalle, daga baya CapCut ko DaVinci Resolve ya cire launin, a saka wani hoto a bayansa. Sai dai sau da yawa za ka ga gefen kunne ya yi tsanwa, ko yatsu sun gutsure. Mai aiki ya ƙi biya, mai kamara kuma ya ɗora laifin a kan kwamfuta. A ganina, tun cikin ɗaki aikin ya lalace.

Manhajar launi guda take nema. In wani ɓangaren ƙyallen ya yi haske, wani ya yi duhu, ko akwai lanƙwasa, to launuka da dama take gani. Don haka a goge ƙyallen, a ja shi sosai, kuma kada ya zama mai sheƙi irin shadda. A ba shi fitilunsa biyu, dama da hagu, dabam da wadda ke haska mutum. In babu fitilu, inuwar gini da safe ta fi tsakar rana, domin haskenta a baje yake.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne manna mutum jikin ƙyalle. Inuwarsa za ta faɗa a kai, ƙyallen kuma ya maido tsanwa a kan wuya da kafaɗa, musamman in farar riga ce. A bar tazarar mita 2 in ɗakin ya ba da hali.

Sai motsi. Mai rawa in ya wurga hannu, gefen hannun yakan gauraye da tsanwa, babu manhajar da za ta raba su da kyau. A ƙara saurin ƙiftawar kamara zuwa 1/100. Wannan adadin ya dace da wutar lantarkinmu mai 50 Hz, fitilu ba za su riƙa ɓalɓalniya a hoto ba. Mai ɗauka da waya ya danne allon har haske ya kulle, kada ya riƙa canzawa.

An zaɓi tsanwa ne saboda ya yi nisa da launin fatar ɗan Adam, kuma idon yawancin kamarori yana da ɗigon tsanwa ninki biyu na ja ko shuɗi. Amma duk abin da ke da launin zai ɓace: hula, gyale, har ƙasan tutar Nijar. Ranar waƙar kishin ƙasa, sai a nemi shuɗin ƙyalle.

In za a tura wa mai haɗawa ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, don turawar bidiyo kai tsaye tana matse shi, gefuna su farfashe.