Idan Aka Raba Ma'aikata, Yaya Ake Kwashe Sunayen Ma'aikatanta?

A shekarar 2015 gwamnatin Muhammadu Buhari ta haɗe ma'aikatun lantarki da ayyuka da gidaje wuri guda ƙarƙashin Babatunde Fashola. A 2019 aka cire lantarki, a watan Agustan 2023 kuma gwamnatin Bola Tinubu ta raba ayyuka da gidaje. Mai wucewa ta Mabushi a Abuja allon suna kawai zai ga an sauya. Amma duk haɗewa ko rabuwa irin wannan tana bar wa 'yan sashen kwamfuta aikin da ba a shelarsa a rediyo: wane ne zai koma ina, wa zai riƙe adireshinsa na imel, wa za a rufe wa ƙofa.

Amsar tana cikin abin da za mu kira kundin masu shiga. Shi ne rumbun da kwamfutar ofis ke tambaya duk safiya idan ma'aikaci ya rubuta sunansa da kalmar sirri. A cikinsa kowane mutum, kowace na'urar buga takarda, kowane rukunin ma'aikata yana da gurbinsa, an jera su reshe-reshe: hukuma a sama, sassa a ƙarƙashinta, mutane a ƙarƙashin sassa. Harshen da ake magana da kundin shi ne LDAP, wanda ya fito a 1993 daga aikin Tim Howes na Jami'ar Michigan a Amurka da abokansa, don sauƙaƙa tsohon tsarin X.500 na 1988. Active Directory na Microsoft, da ya zo tare da Windows 2000, yana jin wannan harshe. Haka ma OpenLDAP na kyauta, wanda aka fara a 1998.

Kundin kashi biyu ne, kuma a nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Akwai bayanan kansu: suna, sashe, lambar waya. Akwai kuma ƙa'idar kundin, wadda ke faɗin irin bayanan da aka yarda a ajiye, wanne ne dole, wanne ne ganin dama, wanne rubutu ne, wanne lamba. Ƙa'idar da duniya ta amince da ita ta ce duk gurbin mutum sai da cikakken suna da sunan dangi. Kowane irin bayani yana da lambarsa da ba ta sauyawa. Cikakken suna, alal misali, 2.5.4.3 ne a Abuja, shi ne kuma a Tokyo. Sai dai ƙa'idar duniya ba ta san matakin albashi ba, ba ta san jihar asali ko lambar IPPIS ba. Hukumar da ke son ajiye waɗannan sai ta ƙara su da hannunta. Wanda ya kwashi bayanan ya bar ƙa'idar a baya, kamar wanda aka miƙa wa littafin bashin kanti ne an yage kan shafukan: ga lambobi jere, ba a san wanne ne kuɗi wanne ne mudu ba. Sabuwar na'urar ma ba za ta karɓa ba, da ta ci karo da bayanin da ba ta sani ba za ta ƙi gurbin.

To a wane irin fayil ake zuba su? Tsohon hannu shi ne LDIF, rubutu layi-layi da aka daidaita a shekarar 2000. Amma bayan fitowar XML a 1998, wato salon da ke kewaye kowane bayani da alamar buɗewa da ta rufewa, manhajoji da yawa suka koma gare shi. Shi ya sa a 1999 kamfanin Bowstreet, da goyon bayan IBM da Microsoft da Novell da Oracle, ya fito da DSML, wato kundin a rubuce da XML. Zubin farko ya ware wa ƙa'ida sashenta, bayanai sashensu. Zubi na biyu, wanda ƙungiyar OASIS ta amince da shi a 2002, ya karkata ga aika umarni da karɓar amsa, babu sashen ƙa'ida na musamman. Gaskiyar magana DSML bai samu karɓuwar da aka yi masa fata ba. Sababbin manhajoji sun fi son JSON, musamman ta tsarin SCIM na 2015. Duk da haka manhajar Apache Directory Studio na fitar da DSML har yau, kuma duk inda tsohuwar manhaja ke jiran XML, dole a ba ta.

Mai rubuta shirin kwashe kundin, ko da Java yake aiki ko da Python, hanyarsa ɗaya ce. Zai haɗu da sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da kundin, ta kafa mai lamba 636 wadda ke ɓoye zance, ko ta 389 bayan ya kunna ɓoyewar. Zai gabatar da kansa. Sannan ya tambayi tushen kundin inda ƙa'ida take, domin kowace saba tana ajiye adireshin a wani bayani mai suna subschemaSubentry. Ƙa'idar ba ta fitowa sai an kira ta da suna. Bayan ta ne zai bi rassan, yana rubuta uba kafin ɗa, don in sashe bai wanzu ba babu inda za a ajiye mutanensa.

Tarko mafi muni shi ne wanda ba ya ƙara. Active Directory, in ba a sauya saitinsa ba, gurbi 1,000 yake bayarwa a tambaya ɗaya. OpenLDAP kuwa 500. Shirin da bai nemi a ba shi shafi-shafi ba, kuma bai duba saƙon da sabar ta dawo da shi ba, zai rufe fayil cikin natsuwa alhali sauran ma'aikatan suna waje. Sai ranar Litinin, da layi ya taru a ƙofar sashen kwamfuta, a gane.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafarmu mu Hausawa. Sunan Ɗanladi ko Ɗahiru yana da harafin da ba ya cikin haruffan Ingilishi. LDIF zai juya irin wannan suna zuwa jerin haruffa da lambobi da ake kira Base64, wanda ido ba ya iya karantawa, ko da yake bai lalace ba. XML yana ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ yadda suke, muddin an ajiye fayil ɗin da UTF-8. Wannan babbar riba ce, a ganina ita ce hujjar da ta fi ƙarfi ta zaɓen XML a nan. Sai dai shi ma yana da nasa tsarabe-tsaraben: alamar & a sunan sashe tana karya fayil, waƙafin sama na Sa'adatu ko Isma'il ma yana iya karya shi in ya faɗo cikin alamar zance irinsa. Maganin shi ne kada a riƙa liƙa rubutu da hannu, a bar kayan aikin XML su rubuta. Hoton ma'aikaci da takardar shaidar lantarki kuwa, ko a XML sai an mai da su Base64.

Abin da ya kamata shugaban ofis ya sani, ko bai taɓa rubuta layin shiri ba, shi ne kundin yana da mai gadi, fayil ɗin ba shi da shi. A cikin sabar, kowa iyakar abin da aka yarje masa yake gani. Da an fitar, duk wanda ya tsinci filashin da aka zuba fayil ɗin a ciki ya ga kowa. Active Directory ba ya sakin kalmomin sirri ta LDAP, amma a OpenLDAP mai cikakken iko zai fito da su a murɗe, kuma mai haƙuri yana iya gano masu rauni. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta kafa hukumar NDPC a Abuja, ta kuma wajabta sanar da ita cikin awa 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Don haka a zaɓi bayanan da ake bukata kaɗai, a kulle fayil ɗin, a goge shi in an gama.

Kafin a ce aiki ya kammala, a tayar da sabar gwaji wadda babu komai cikinta, a zuba ƙa'idar, a bi ta da bayanan, a ƙirga gurabe a ɓangarorin biyu. Dokokin wa zai ga me kuma sai an duba su daban, domin a OpenLDAP suna zaune ne a saitin sabar, ba sa biyo sunayen.