Yadda Mutanen Wales Suka Riƙe Harshensu

A yammacin Ingila akwai wata 'yar ƙasa mai duwatsu da tumaki da yawa, sunanta Wales. Mutanenta suna da harshensu na kansu, wanda ya sha bamban da Ingilishi ƙwarai. A dā suna da sarakunansu, amma cikin shekarar 1282 aka kashe babban sarkinsu, Llywelyn, a wurin yaƙi. Sarkin Ingila, Edward na Farko, ya ci ƙasar duka, ya giggina manyan gidajen dutse masu ganuwa a Caernarfon da Conwy da Harlech, ya zuba sojoji a ciki.

Cikin shekarar 1400 sai wani jarumi, wai shi Owain Glyndwr, ya yi tawaye. Jama'a suka bi shi, ya ƙwace Harlech a 1404, har ya tara majalisa a garin Machynlleth. Amma daga baya rundunar Ingila ta fi ƙarfinsa, ya ɓuya. Har ya mutu ba wanda ya tona inda yake.

A shekarar 1536 Sarki Henry na Takwas ya kafa doka, ya haɗe Wales da Ingila. Dokar ta ce da Ingilishi za a riƙa yin shari'a, kuma wanda ba ya jin Ingilishi ba za a ba shi muƙami ba. Saboda haka manyan ƙasar suka shiga barin harshen iyayensu, aka bar talakawa da shi.

To, a 1563, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, Majalisar Ingila ta yi umurni a juya Littafi Mai Tsarki na Kirista cikin harshen Wales, don mutane su ji ibada da harshen da suka sani. Wani malamin majami'a, William Morgan, ya ƙare aikin, aka buga littafin a 1588. Aka rarraba shi majami'u, ana karanta wa jama'a kowace Lahadi. Daga baya da shi aka koya wa dubban talakawa karatu, marubuta kuma suka yi koyi da kyawun maganarsa.

Yau babu soja a gidajen dutsen nan na Edward, sai baƙi masu zuwa kallo. Harshen Wales kuwa yana nan da ransa, ana koyar da shi a makarantu. A ƙidayar 2021 an sami masu jinsa fiye da rabin miliyan.