Tsatsa tana cin mota: yadda ake yi mata fentin gwangwani a gida

Motar kasuwa dukiya ce ta gari duka. Ita ke kai gero da wake da albasa kasuwa. Ita ke ɗaukar marar lafiya zuwa likita. Amma hanyar karkara ba ta barin jikin mota lafiya. Ƙaya tana karce shi, tsakuwa tana bugun shi, kaya suna goge shi. Inda fenti ya ɓare, ƙarfe ya fito fili. Da ruwa da iska sun taɓa shi, sai tsatsa ta kama. A damana ɗaya ɗan tabo yana faɗaɗa. In an ƙyale shi, wata rana sai ya huje. Daga nan sai mai walda, kuɗi kuma su tashi da yawa.

Ashe fenti ba ado ne kaɗai ba. Shi ne rigar da ke tsare ƙarfe. In tabon ƙarami ne, a ƙofa ko a murfin inji ko saman taya, mai mota yana iya gyara shi a gida da fentin gwangwani.

Mene ne fentin gwangwani?

Fenti ne da aka rufe cikin gwangwani tare da gas. In an danna kan, gas ya turo fenti waje kamar yayyafi. Wani mutumin Amurka, Edward Seymour, shi ya fara sa fenti cikin irin wannan gwangwani a shekarar 1949. Yawancin na kasuwa suna ɗaukar mililita 400, wato bai kai rabin lita ba. Bai isa fentin mota duka ba. Mota duka aikin garaji ne, inda akwai injin feshi.

Kayan da ake bukata

Ana bukatar sabulu da ruwa da tsumma mai tsabta. Ana bukatar tsohuwar takarda da salatif don rufe gilashi da fitila. Ana bukatar takardar gurza ƙarfe. Tana da lamba a bayanta. Ƙaramar lamba, kamar 80, ita ce mai kaushi. Babbar lamba, kamar 400 ko 600, ita ce mai laushi.

Fenti iri 2 ne. Na farko fentin ƙasa, mai hana tsatsa, sau da yawa ja ne ko ruwan toka. Na biyu fentin sama, mai launin motar. Motoci da yawa suna da lambar launinsu a wani ɗan allo, a bakin ƙofa ko ƙarƙashin murfin inji. A kwafi lambar a tafi da ita kanti. In launin mai ƙyalli ne, ana ƙara gwangwani na 3, mai ruwa garau, wanda ake fesawa a ƙarshe.

Lokacin da ya dace

Fenti ba ya son rana mai zafi. In ƙarfe ya yi zafi, fenti yana bushewa kafin ya kwanta, sai ya yi kaushi kamar rairayi. Ba ya son ƙurar hunturu, don tana liƙewa a kansa. Ba ya son raɓa da danshin damana, don suna dushe shi. A zaɓi safiya wadda babu iska, bayan raɓa ta bushe. A sa motar a inuwar rumfa mai buɗaɗɗen gefe, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta.

Shirya ƙarfe shi ne babban aiki

Feshi ba ya ɗaukar lokaci. Shiri shi ke cin yini. Wanda ya fesa fenti a kan tsatsa ya ɓata kuɗinsa, don tsatsar tana ci gaba da ci daga ƙasa, fentin ya kumbura ya ɓare.

1. A wanke wurin da sabulu, a ɗauraye, a bari ya bushe sarai. Fenti ba ya kama wurin da ke da mai ko maiƙo.

2. A gurje tsatsa da takarda lamba 80 har ƙarfe ya yi fari. Kada a bar ko ɗigo ɗaya.

3. A bi da lamba 180, sannan 400. A gurje bakin tsohon fenti har hannu ya daina jin tudu.

4. A share ƙura. Kada a sake taɓa wurin da hannu, don gumi yana ɓata shi.

5. A rufe gilashi da fitila da roba da takarda.

Kada ƙarfen da aka gurje ya kwana tsirara. A sa masa fentin ƙasa ran nan.

Yadda ake feshi

A girgiza gwangwani minti 2. Akwai ɗan ƙwallo a ciki, ana jin ƙararsa, shi ke dama fentin. A fara gwadawa a kan wani guntun kwano. A kuma gwada a wani ɓoyayyen wuri na motar, don wani sabon fenti yana yamutsa tsoho.

A riƙe gwangwani a tsaye, nesa da ƙarfe santimita 20 zuwa 30, wato taƙi ɗaya da ɗan ƙari. Hannu ya riƙa tafiya daga hagu zuwa dama, ba tsayawa. In ya tsaya wuri ɗaya, fenti yana taruwa ya zubo kamar hawaye.

A fesa kaɗan-kaɗan. Shafi na farko ba ya rufe ƙarfe duka, kada wannan ya dami mutum. A jira minti 10 zuwa 15, a sake. Fentin ƙasa shafi 2 ya isa. In ya bushe sosai, a ɗan shafe shi da lamba 600 da ruwa, a goge, a bari ya bushe. Sannan a fesa fentin sama shafi 2 ko 3. Sannu ba ta hana zuwa.

In fenti ya zubo, kada a share shi yana ɗanye. A bari sai gobe, a gurje, a sake fesawa. In an gama, a juya gwangwani kai ƙasa, a danna har gas kaɗai ke fita. Haka bakin ba ya toshewa. Sabon fenti yana bushewa da sauri a sama, amma sai ya yi makonni kafin ya yi ƙarfi. Kafin nan kada a gurje shi wajen wanki.

Hattara da wuta da numfashi

Gas ɗin gwangwani ɗan'uwan gas ɗin dafa abinci ne. Yana kama wuta nan take. Shi ya sa ake zana hoton harshen wuta a jikinsa. Kada a yi feshi kusa da murhu, ko fitilar kwai, ko mai shan taba.

A jikin gwangwani an rubuta kada zafi ya wuce digiri 50. A bazara, cikin motar da aka rufe a rana yana wuce haka. Gwangwanin da aka manta a ciki yana iya fashewa. A ajiye shi a inuwa.

Warin fenti yana sa jiri da ciwon kai. Kada a yi aikin cikin rufaffen ɗaki. Rawani ko ƙyalle yana rage ƙura, amma ba ya tare warin. Mai feshi ya sa abin rufe hanci na masu fenti. In ya ji jiri, ya bar aiki ya fita ya sha iska. Wani tsohon fenti yana da dalma, gubar da ke cutar da yara ƙwarai. A kori yara daga wurin gurza, a wanke hannu kafin cin abinci.

Gwangwanin da ya ƙare yana da sauran gas. Kada a huda shi, kada a jefa shi wuta, kada a ba yara su yi motar wasa da shi.

In tsatsa ta riga ta huda ƙarfe, fenti ba ya toshe rami, sai walda. Don haka mai mota ya zagaya motarsa kafin ruwan farko ya sauka. Ya duba ƙasan ƙofofi, da saman tayoyi, da wurin zuba kaya. Duk tabon da ya gani, ya gyara shi tun yana ƙarami.