Fitilar inji ta kama, amma laifin sensa ne?

Motar dizal ta zamani da kanta take shinshinar hayaƙinta. A jikin salansa akwai ƙananan na'urori da makanikai ke kira sensa: wata na auna zafi, wata iskar NOx mai cutar da huhu, wata kuma na lura da matatar hayaƙi, DPF, ko ta cika da kunkunniya. Da zarar ɗaya ta kai wa kwamfutar mota rahoton da bai yi mata ba, sai fitila ta kama, inji ya rage ƙarfi, mota ta koma tafiyar hawainiya.

A nan ake asarar kuɗi. Bakanike ya jona na'urar bincike a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, lamba P2452 ta fito, sai ya ce a sayo sabuwar sensa. Alhali lambar tana nuna inda za a duba ne kawai. Sensar matatar da lambar ke nufi da siraran bututu biyu take aiki, ɗaya kafin matata, ɗaya bayanta, tana kwatanta matsin hayaƙi. Zafi kan tsage robar bututun, kunkunniya kan toshe shi, waya kan goge ta tsinke. Kowanne ya faru, ƙarya za ta riƙa kai wa kwamfuta, ita kuma ta daina ƙone dattin matata, aikin da ke bukatar zafin kusan digiri 600. Gwani yakan cire bututun ya busa, ya gwada waya da mita, kafin ya aika kasuwa.

Haka lamba P20EE: sau da yawa ruwan AdBlue, wanda ake fesawa cikin salansa don rage NOx, shi ne ya daskare fari fat a bakin feshinsa, ko an surka shi. Na ainihi yuriyarsa kashi 32.5 cikin ɗari ce.

Motocin Baljiyam kuwa suna da ƙarin matsala. An ƙera su don man Turai, wanda tun 2009 sulfa a cikinsa ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan, yayin da a baya Najeriya ta daɗe tana halatta har 3,000. Irin wannan mai yana saurin kashe matata, shi ya sa wasu garejin ke fasa DPF su zubar da cikinta, su rufe wa kwamfuta baki. Fitila ta mutu, amma hayaƙin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin masu haddasa sankara a 2012 yana fita kai tsaye zuwa hancin mai babur da ke biye.